Wasiƙun Henry Irving: Hannun Wa, Muryar Wa?

I. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da rubutun wasiƙa a kwalejin horon malamai ya san yadda mu kan raba ta kashi biyu, watau wasiƙar aiki da wasiƙar zumunci. Mu kan ce wa ɗalibai ta farko ba ta son dogon zance, ta biyu kuwa a cikinta ne mutum ya ke buɗe cikinsa. Daga nan sai a zarce a ɗauka cewa in an sami wasiƙun wani babban mutum da ya shuɗe, to, an sami mabuɗin zuciyarsa ke nan.

Nufina a wannan takarda in gwada wannan zato bisa wasiƙun mutum guda, watau Henry Irving, shahararren ɗan wasan kwaikwayo na Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, wanda ya riƙe gidan wasa na Lyceum a birnin Landan tun daga 1878 har 1902. Dubban wasiƙun da aka aika masa, da waɗanda aka aika da sunansa, suna nan a warwatse cikin gidajen ajiyar takardu: waɗansu a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, waɗansu a Stratford, waɗansu a Jami'ar Leeds, waɗansu kuma sun ƙetare zuwa Amurka. Masu rubuta tarihin rayuwarsa sun sha ɗibar maganganu daga cikinsu, suna cewa ga abin da Irving ya faɗa, ga abin da ya ji a ransa.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin waɗannan wasiƙu muryar gida ce, gidan Lyceum, wadda hannuwa da dama suka haɗu suka tsara, kuma an yi su domin biyan wata bukata guda da Irving ya sa gaba duk tsawon ransa, watau ya fid da sana'arsa daga raini. Wanda ya karanta su da wannan fahimta zai sami ilmi mai yawa. Wanda ya shiga cikinsu yana neman asirin zuciyar mutumin zai fito da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuwa ya fito da kuskure.

II. Mutumin da zamaninsa

Sunan da ke ƙasan wasiƙun ma ba shi aka raɗa masa ba. An haife shi ran 6 ga Fabrairu 1838 a wani ƙauye na lardin Somerset, sunansa na yanka John Henry Brodribb. Iyayensa ba masu hali ba ne, uwarsa kuwa mai tsananin riƙon addini ce, daga cikin waɗanda su ke ganin gidan wasa hanyar ɓata ce. Yana yaro ya yi shekaru yana aikin akawu a Landan, a ofishin waɗansu 'yan kasuwa masu hulɗa da Indiya. Aikin akawu a wancan zamani kuwa yawancinsa lissafi ne da kwafin wasiƙu. A 1856 ya bar kujerar akawu ya hau dandamali a garin Sunderland, ya ɗauki sunan Henry Irving. Ya yi wajen shekara goma yana yawon wasa a larduna kafin ya sami gindin zama a Landan. Sunansa ya fito sosai ran 25 ga Nuwamba 1871, sa'ad da ya fito a wasan The Bells a Lyceum, a matsayin mai kisan kai wanda alhaki ya hana shi sakat. A 1874 ya yi Hamlet dare 200 a jere. A 1878 ya karɓi hayar gidan da kansa, ya zama shi ne babban ɗan wasa, shi ne kuma mai gida, ya ɗauko Ellen Terry ta zama abokiyar fitowarsa.

Ya kamata mai karatu ya san matsayin ɗan wasa a Ingila kafin wannan lokaci. Wata doka ta 1572 ta sa 'yan wasan da ba su da ubangida cikin jerin 'yan gararamba masu cancantar horo. Dokar ta daɗe da mutuwa kafin a haifi Irving, amma tabon bai goge ba. Attajiri ya kan je kallo, ya yi tafi, amma ba lalle ya yarda ɗan wasa ya zauna teburinsa ba, balle ya ba shi 'yarsa. Wannan tabo shi Irving ya sha alwashin kankarewa. A 1895 ya zama ɗan wasa na farko a tarihin Ingila da aka ba sarautar Sir.

Sai kuma sha'anin gidan waya. Tun 1840 aka mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya ko'ina cikin ƙasar, a 1870 kuma gwamnati ta karɓi aikin buga waya ta haɗa shi da gidan waya. A tsakiyar Landan a kan raba wasiƙu sau da yawa a yini, har mutum ya iya aika gayyata da safe, amsa ta iso shi kafin azahar. Mu kan ce zumunta a ƙafa ta ke. A Landan ta wancan zamani rabinta a takarda ta ke, kuma wanda ya ke so ya shiga cikin manya tilas ya iya sarrafa takarda.

III. Hannu nawa ke cikin wasiƙa ɗaya

Mutumin da ya ke kan dandamali kowane dare, da rana kuma yana gwajin wasa, ba shi da sukunin amsa wasiƙun da ke kwarara gidan. Wanda ya ɗauki wannan kaya shi ne Bram Stoker, mutumin Ailan, wanda duniya ta fi sani yau saboda littafinsa Dracula na 1897. Stoker ma'aikacin gwamnati ne a Dublin, yana kuma rubuta sharhin wasanni a wata jarida. Sharhin da ya yi wa Hamlet ɗin Irving a 1876 shi ya haɗa su. A ƙarshen 1878 ya ajiye aikinsa ya taho Landan ya zama manajan kuɗi da harkokin Lyceum, bai rabu da Irving ba sai da mutuwa ta raba, bayan shekara 27.

A cikin littafin da ya rubuta game da maigidansa, Personal Reminiscences of Henry Irving, wanda ya fito a 1906, Stoker ya ce wasiƙun da ya rubuta da sunan Irving sun kusa rabin miliyan. In an raba wannan adadi bisa kwanakin shekara 27, sai a sami kamar wasiƙa 50 kowace rana, har da Lahadi. Ko an ce ya yi ƙari, a raba adadin biyu, abin da ya rage ya isa ya sa mai nazari ya yi hattara. Ba Stoker kaɗai ba ne kuma. Akwai Louis Frederick Austin, ɗan jarida, wanda ya yi wa Irving aikin magatakarda, yana tsara masa jawabai da maƙalu. Shi wannan Austin har littafin tarihin Irving ya rubuta a 1884, ya ɓoye sunansa ya sa Frederic Daly. Rubutun hannun Irving kansa kuwa ya yi suna wajen wuyar karantawa, abin da ya kan taimaki mai bincike ya gane takardar da ta fito daga alƙalaminsa.

A nan ilmin harshe yana da abin cewa. Masanin nan Erving Goffman, a wata maƙala da ya buga a 1979, ya nuna cewa abin da mu ke kira "mai magana" a haƙiƙa matsayi uku ne da su kan haɗu a jikin mutum ɗaya, su kan kuma rabu. Akwai mai furtawa, wanda sauti ko rubutu ya fito daga gare shi. Akwai mai tsarawa, wanda ya zaɓi kalmomi ya jera su. Akwai kuma mai alhaki, wanda maganar ta ɗaure, wanda za a tuhuma in an saɓa ta. A kan dandamali Irving mai furtawa ne, Shakespeare ne mai tsarawa. A kan takarda sai al'amarin ya juye: Stoker ko Austin shi ne mai tsarawa, sau da yawa shi ne kuma mai furtawa, Irving kuwa ya tsaya a matsayin mai alhaki. Saboda haka wakilin sunan nan "ni" da ke cikin wasiƙar Lyceum yana ɗaure Irving da alkawari, amma ba ya tabbatar mana da cewa salon nasa ne, ko tausasawar da ke ciki daga ransa ta fito.

Turawan wancan zamani sun san da wannan, har suna da wata siga ta musamman dominsa, watau wasiƙar da a ke rubutawa da wakilin suna na mutum na uku. Ba a cewa "ina gaisuwa", sai a ce Mista wane yana gaisuwa, yana kuma baƙin cikin ba zai sami zuwa ba. Da wannan siga magatakarda ya kan rubuta ba tare da ya ari bakin kowa ba, wanda aka aika wa kuma ya san iyakar kusancinsa da mai gida.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin takardun ƙasarmu. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, na zamani ɗaya ne da na Irving. Ba wanda zai karanta wasiƙar wani sarki a cikinsu ya ce ga salon Larabcin sarki, gama an san akwai magatakarda, kuma hatimi ne ya mai da ita maganar sarki. Sa hannun Irving ma hatimi ne. Abin da ya sa a ke mantawa da haka a wajensa shi ne an ɗauka Bature mai ilmi da kansa ya ke rubuta wasiƙarsa.

IV. Abin da wasiƙun su ke yi

In mun daina tambayar abin da Irving ya ji, muka koma tambayar aikin da kowace takarda ta ke yi, sai tarin ya fara ba da ma'ana.

Kashi na farko wasiƙun sana'a ne tsantsa: ciniki da marubuta, da masu zane, da masu kiɗa, da masu gidajen wasa na larduna da na Amurka, inda Irving ya kai ƙungiyarsa sau takwas, farawa daga 1883. Amma a duba su wa ya ke nema. Arthur Sullivan ya tsara masa kiɗan Macbeth a 1888. Edward Burne-Jones ya zana masa kayan King Arthur a 1895. Lawrence Alma-Tadema ya yi masa na Cymbeline a 1896. Daga Arthur Conan Doyle ya sayi ɗan gajeren wasan nan na tsohon sojan Waterloo, wanda ya fara yi a 1894. Waɗannan duka mutane ne da ƙasa ta riga ta girmama. Kowane suna da ya shiga takardar shelar Lyceum ya ƙara wa gidan daraja, har ya zama zuwa can ba abin kunya ba ne ga limamin coci ko alƙali.

Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan shi ne na Alfred Tennyson, sarkin mawaƙan Ingila na lokacin. Tennyson ya rubuta wasan Becket, a kan babban limamin Canterbury da aka kashe a 1170, amma ya yi tsawon da ba shi yiwuwa a kan dandamali. Irving ya riƙe shi shekara da shekaru, sa'an nan ya datse shi. A 1892 Stoker ne aka aika ya kai wa Tennyson datsattsen kwafin domin neman yardarsa. A ɗaya gefen kuma ɗan mawaƙin, Hallam, shi ke riƙe da wasiƙun ubansa. Ashe abin da littattafai su ke kira hulɗar Irving da Tennyson, babban rabonta ya bi ta hannun wakilai ne a gefe biyu. Tennyson ya rasu a Oktoba 1892. Aka buɗe Becket ran 6 ga Fabrairu 1893, a watan Maris kuma aka kai shi fadar Windsor gaban Sarauniya.

Kashi na biyu shi ne wanda a ke kira wasiƙun zumunci: gayyata, da godiya, da neman kujera, da murna, da ta'aziyya. A bayan dandamalin Lyceum akwai wani ɗaki da a ke kira Beefsteak Room, inda Irving ya kan yi wa baƙi liyafa bayan an tashi daga wasa. 'Yan sarauta, da ministoci, da jakadu, da masana, da matafiya, duk sun ci abinci a can, har da Yarima mai jiran gado. A Fabrairu 1880, da The Merchant of Venice ya cika dare 100, baƙin da aka ciyar a kan dandamalin kansa sun haura 300. Kowane baƙo takarda ta kira shi, kowanne kuma takarda ya mayar. To, wannan zumunci ne ko aiki? Rabon nan namu na aji ba ya aiki a nan. Takardar gayyata zuwa cin abinci ita ce babbar takardar aikin gidan, gama da ita a ke gina abin da Irving ya fi bukata, watau a saba ganin ɗan wasa yana karɓar manya a matsayin mai masauki.

Ga mai nazarin harshe, wurin dubawa a irin waɗannan takardu shi ne layin farko. Turancin wancan zamani yana da matakala ta kira: baƙo ya kan buɗe da Dear Sir, wanda aka ɗan saba da shi ya ce Dear Mr Irving, tsara kuwa ya jefar da Mista ya ce My dear Irving. Ran da wani babba ya sauko daga mataki na biyu zuwa na uku, ran nan an karɓi ɗan wasa cikin tsara. In aka jera wasiƙun mutum ɗaya bisa shekarunsu aka bi wannan layi kaɗai, za a ga tafiyar darajar Irving fiye da yadda cikin wasiƙun zai nuna. Da Firayim Minista Lord Rosebery ya sanar da shi sarautarsa a Mayu 1895, sai layin ya koma Sir Henry. Shi kuwa a takardun shelar wasa ya ci gaba da sa Henry Irving kawai.

Kashi na uku wasiƙun roƙo ne, daga tsofaffin 'yan wasa da ƙarfinsu ya ƙare, da gwauraye, da marubutan da ba a san su ba. Irving ya yi suna wajen kyauta, shi ne kuma shugaban farko na asusun taimakon 'yan wasa da aka kafa a 1882. Ba na shakkar tausayinsa, gama ya ɗanɗani talauci a shekarunsa na larduna. Amma kyautar ma tana cikin tsarin: babban mutum a idon Turawan lokacin shi ne wanda a ke roƙo, kuma shugaban sana'a shi ke ɗaukar nauyin gajiyayyunta.

V. Inda alheri ya gamu da zargi

Akwai wani reshe na wannan alheri da ya jawo magana, watau hulɗar Lyceum da 'yan jarida masu sharhin wasa. A kan ba su kujeru, a kan kira su liyafa, wani lokaci kuma a kan biya su kuɗin wasan da suka rubuta, wasan kuwa ba za a taɓa yin sa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya fito fili ya kira abin toshiyar baki shi ne George Bernard Shaw, wanda ya riƙe shafin sharhin wasa na jaridar Saturday Review daga 1895 zuwa 1898.

Shaw ya rubuta wani gajeren wasa a 1895, The Man of Destiny, a kan Napoleon yana saurayi, yana fatan Irving da Ellen Terry su yi shi. Irving ya karɓa ya ajiye. Shaw ya nace a sa ranar da za a yi wasan, domin kada kuɗin ya zama na rufe baki. A Disamba 1896 ya rubuta sharhi a kan Richard III wanda aka fassara a Lyceum da cewa yana nufin Irving ya hau dandamali a buge. A 1897 aka mayar masa da wasansa, sanarwar kuwa ta hannun Stoker ta fito. Gaskiya ne a watan Afrilu na shekarar Irving ya fito a matsayin Napoleon cikin wani wasa dabam, Madame Sans-Gêne, saboda haka akwai dalilin sana'a ban da fushi. Amma abin lura gare mu shi ne zaɓen hannu. A gidan da mai gida ya kan sa hannunsa ga takardar wanda ya ke so ya girmama, barin manaja ya sallami marubuci shi kansa saƙo ne. Wanda ya karanta kalmomin kaɗai, bai tambayi hannun wa ba, rabin wasiƙar ya karanta.

Wannan rigima ta kuma nuna wani haɗari. Shaw da Ellen Terry sun yi shekaru suna rubuta wa juna, aka buga wasiƙunsu a 1931. Su biyun gwanayen alƙalami ne, wasiƙunsu suna da daɗin karatu ƙwarai, kuma Irving ne abin hirarsu a wurare da yawa. Sakamakon haka, hoton Irving da masu karatu da yawa suka riƙe, na mutum mai son kansa wanda ba ya ganin kowa sai inuwarsa, daga bakin abokin hamayyarsa ya fito. Ɗan Ellen Terry, Edward Gordon Craig, ya ji zafin wannan har ya mai da martani da littafi a shekarar. Shaw ya rinjayi Irving a gaban 'yan baya domin ya fi shi iya wasiƙa, wannan kuwa ba hujja ba ce cewa ya fi shi gaskiya.

VI. Wasiƙun da babu

Saura mu tambaya, ina wasiƙun da mutumin ya rubuta da hannunsa, domin kansa? Akwai su, musamman zuwa ga tsofaffin abokai irin su ɗan wasan barkwanci J. L. Toole, amma su ne mafi ƙaranci, kuma a daidai wuraren da mai karatu ya fi son ji, a nan ne tarin ya fi yin shiru.

Irving ya auri Florence O'Callaghan a 1869. Jikansa Laurence Irving, a littafinsa na 1951, ya ba da labarin cewa a daren da The Bells ya yi nasara, suna cikin keken doki za su gida, matar ta yi masa gori a kan sana'arsa. Ya sa aka tsai da keken, ya sauka, bai sake komawa gidan ba. Ba a kashe aurensu ba har ya mutu, abin da ya rage tsakaninsu sai kuɗin ciyarwa da sha'anin 'ya'yansu biyu. Game da Ellen Terry kuwa, wadda suka yi fiye da shekara ashirin suna fitowa tare, kaɗan ne daga wasiƙun da ke tsakaninsu suka tsira, har yau masana suna muhawara a kan iyakar dangantakarsu.

Dalilin wannan giɓi a fili ya ke. Ofis ya kan adana takarda, gama ajiya aikinsa ne. Takardar zuciya kuwa a kan ƙone ta, ko mai ita ya ƙone, ko magada. Mutumin da ya sa ransa ga neman mutunci ga sana'arsa, a zamanin da rabuwar aure ta ke iya rushe mutum, yana da dalili mai ƙarfi na kada ya bar baya da ƙura. Saboda haka tarin da ya iso mu an riga an tace shi sau biyu: wajen rubutawa, da wajen ajiyewa.

A nan ne na ke ganin aibin littattafan farko. Littafin Stoker na 1906 taska ne wajen lissafin kuɗi da tsarin aiki, amma ya cika shafuka da jerin sunayen manyan baƙi, ya yi tsit a kan abin da ya shafi gida. Austin Brereton, wanda ya fitar da nasa a 1908, ya taɓa yi wa Irving aikin hulɗa da jaridu. Watau waɗanda suka tsara muryar Lyceum tun mai ita yana da rai, su ne suka fara rubuta tarihinsa, sa'an nan na baya suka riƙa kafa hujja da su. Littafin Laurence Irving ya fi su zurfi domin takardun iyali suna hannunsa, ko da ya ke shi ma jika ne mai kare kakansa. Sai a aikin masana na baya, irin littafin Jeffrey Richards na 2005, aka mai da hankali sosai ga Irving a matsayin mai gina suna da gangan.

VII. Kammalawa

Kada a fahimce ni da cewa wasiƙun ƙarya ne, ko ba na Irving ba ne. Shi ya zaɓi mutanen, shi ya sa musu ƙa'ida, shi ya ɗauki alhakin abin da suka rubuta. Mutumin da sana'arsa ita ce ya ɗauki kalmomin wani ya mai da su nasa a gaban jama'a, ba abin mamaki ba ne in ya yi haka a takarda. Nasa ne kamar yadda Hamlet ɗin 1874 ya ke nasa. Abin da na ke ƙi shi ne a tsinci jimla ɗaya a ce ga zuciyarsa.

Shawarata ga mai nazarin kowane tarin wasiƙu, na Bature ko na Bahaushe, ita ce ya yi wa kowace takarda tambaya huɗu kafin ya kafa hujja da ita. Hannun wa ya rubuta? Wa ya tsara kalmomin? Wa maganar ta ɗaure? Wa ya ajiye ta, don me kuma? Ga malaman kwaleji kuma, ya kyautu mu gaya wa ɗalibai cewa rabon nan na wasiƙar aiki da ta zumunci dabarar koyarwa ce kawai. A rayuwar mai neman matsayi su biyun su kan zama abu guda.

Ƙarshen Irving bai zo da sauƙi ba. A Fabrairu 1898 gobara ta cinye ma'ajiyar kayan dandamalinsa, kayan wasanni 44, inshorar kuwa ba ta kai ko kusa da asarar ba. A 1899 ya miƙa gidan ga wani kamfani, a 1902 ya yi wasansa na ƙarshe a Lyceum. Ya rasu ran 13 ga Oktoba 1905 a garin Bradford, jim kaɗan bayan ya sauko daga yin Becket, a watan Disamba kuma aka yi gwanjon kayansa. Amma abin da aka yi shekara 27 a na rubuta wasiƙu dominsa ya samu. Abokansa suka tsara takardar roƙo, manyan ƙasa suka sa hannu, aka kai wa shugaban majami'ar Westminster, ya yarda. Ran 20 ga Oktoba aka binne tokarsa a can, kusa da kabarin David Garrick, a gindin mutum-mutumin Shakespeare.